Yadda Za Ka Gane Inda Ya Kamata A Gina Sitadiyam: Cikin Gari Ko Bayan Gari

Duk lokacin da aka ce za a gina sabon sitadiyam a wani birni, gardamar iri ɗaya ce. Wasu su ce a kawo shi tsakiyar gari kowa ya samu zuwa, wasu su ce a'a, a kai shi can bayan gari inda fili yake da araha kuma ba wanda za a takura wa. Ni dai a ganina duka ɓangarorin biyun sun yi gaggawa, don akwai lissafin da sai an yi shi tukuna kafin a fara maganar ciki ko waje, in ko aka yi shi tsakani da Allah, wurin ma da kansa zai fito fili.

Fara da ƙirga kwana nawa a shekara za a buɗe get ɗin. Kulob ɗin Firimiya a Ingila wasa 19 yake bugawa a gida a lig, in an haɗa da na kofuna ya ɗan haura 20 zuwa 30 in yana ƙoƙari. Kulob ɗin NFL, wato gasar ƙwallon ƙafa irin ta Amurka, kuwa 8 ko 9 ne kacal. Na besbol 81, na ƙwallon kwando a NBA 41, kuma shi zaure ne rufaffe, ranar da babu wasa a ba mawaƙa ko 'yan dambe haya. To ka ga filin da zai yi aiki kwana 10 ya zauna a kulle kwana 355, in ka dasa shi a tsakiyar gari ka kashe unguwa ne kawai, doguwar katanga ba shago ba mai wucewa, dare na yi kowa na tsoron bi ta wajen. Amma wanda kusan kowane sati ana wani abu a ciki, wannan cikin gari ya dace da shi. Abin da ya sa Camden Yards, filin besbol da aka buɗe a tsakiyar Baltimore ta Amurka a 1992, ya yi farin jini ke nan, har birane da dama suka kwaikwaya, sai dai wasu sun kwaikwayi ginin sun manta cewa wasa 81 ake yi a cikinsa.

Daga nan sai babbar maganar, wadda ni ita na fi ba nauyi a kan komai: ta yaya mutane za su fita? Shiga ba ta cika wahala ba, wani ya zo tun awa uku kafin wasa, wani sai an take leda. Amma alƙali na hura tashi, kowa so yake ya tafi a lokaci guda. Ɗauki biro ka yi lissafi. Mutum 60,000, a ce uku-uku a mota, mota 20,000 ke nan. Kowace mota in ka haɗa da hanyar juyawa tana cin kamar murabba'in mita 25, ka ga hekta 50 ta tafi a fakin kaɗai, kusan filin ƙwallo 70 a jere. Layin titi guda ɗaya, ko da komai na tafiya sumul, abin da yake iya ɗauka a awa bai wuce mota 2,000 ba. Jirgin ƙasa na cikin gari kuwa zubi ɗaya zai kwashi ɗaruruwan mutane har kusan dubu, bayan 'yan mintoci wani ya sake zuwa. Shi ya sa masu cewa “a kai shi waje don a guje wa gosulo” ba su gama tunani ba, don in babu jirgi ko manyan bas a can, gosulon ne ka ɗauka ka kai titi ɗaya tilo, wanda ba shi da mota kuma ka ce masa ya zauna a gida.

Duba waɗanda abin ya yi musu kyau. Filin Principality na Cardiff a Birtaniya, wanda aka buɗe a 1999, a tsakiyar gari yake cif, yana cin mutum kusan 74,000, babbar tashar jirgi tafiyar 'yan mintoci ce a ƙafa, ranar babban wasa sai a rufe titunan kewaye mutane su yi ta yawonsu. Wembley mai cin 90,000 ba a tsakiyar Landan yake ba, amma tashoshin jirgi uku ne ke kewaye da shi. Allianz Arena na Bayern, 2005, can gefen Munich yake ta arewa, kusa da babbar hanya, da ƙaton wurin fakin, amma layin jirgin U6 yana kai wa har can. Ɗaya a ciki, ɗaya a tsaka-tsaki, ɗaya a gefe, abin da ya haɗa su shi ne dogo. Ƙungiyar Lyon ta Faransa da ta bar filinta na Gerland ta koma Décines a bayan gari a 2016 sai da aka ja mata layin taram, wato ƙaramin jirgin ƙasa mai bin titi, zuwa bakin filin.

Kar ka tsaya a taswira kawai, je ka taka hanyar da ƙafarka daga tasha zuwa get, ka duba ina ne take tsukewa, ina gada, ina ƙarƙashin gada, ina motar asibiti za ta bi in abu ya faru. A wasan ƙarshe na Champions League na 2022 a Stade de France da ke gefen Paris, yajin aiki a layin jirgi ɗaya ya tura dubban magoya bayan Liverpool zuwa ɗaya layin, suka taru a wata matsattsiyar hanya, aka yi ta turereniya da barkonon tsohuwa har aka jinkirta wasan sama da rabin awa. A watan Janairun 2022 ɗin kuma mutum 8 suka mutu a turmutsitsi a get ɗin filin Olembé, wanda yake can gefen Yaounde, lokacin gasar cin kofin Afirka. Fili mai faɗi a bayan gari ba shi ne tsaro ba in get ɗaya aka buɗe.

Sai kuɗi. A nan ne ake yaudarar mutane da yawa. Gaskiya ne fili a waje ya fi araha nesa ba kusa ba, amma ka tambaya: wa zai biya titi, wa zai ja wuta da ruwa da magudana, wa zai biya layin jirgi? Yawanci ba kulob ba ne, aljihun gwamnati ne, wato harajin har wanda bai taɓa kallon ƙwallo ba. In an haɗa wannan, arahar nan sai ta zama tsada. A ɗaya ɓangaren kuma masu son cikin gari za su zo maka da alƙawarin wai kasuwa za ta buɗe, aiki zai samu, gari zai bunƙasa. Ka saurara, amma ka rage rabi. Masana tattalin arziki da suka daɗe suna bin wannan magana, musamman a Amurka, galibinsu sun tafi a kan cewa sitadiyam ba ya kawo arzikin da ake cika baki da shi, don kuɗin da mutum ya kashe a tikiti da ma can zai kashe shi a wani wuri cikin garin, ayyukan kuma yawanci na ranar wasa ne.

Kuma ka yi tunanin ranar da kulob ɗin zai ce ya tashi. Filin Silverdome da aka gina a Pontiac, wajen Detroit, a 1975 ya ci kusan dala miliyan 55. Kulob ɗin NFL na Detroit Lions suka bar shi suka koma Ford Field a tsakiyar gari a 2002, a 2009 aka yi gwanjon Silverdome ɗin dala 583,000, daga baya aka rushe. Da a cikin gari yake, ko ba komai ƙasar da yake kai tana da daraja, Arsenal ai gidajen kwana aka mayar da tsohon filinsu Highbury bayan sun koma Emirates a 2006.

To amma kar in yi kamar cikin gari ba shi da nasa laifin. Ina za a samo filin, su wa ke zaune a kai yanzu? Wurin da Dodger Stadium yake a Los Angeles, Chavez Ravine, unguwar talakawa ce 'yan asalin Meziko, aka tashe su a shekarun 1950, filin wasan ya buɗe a 1962, har yau zuri'arsu ba su manta ba. In zaɓin cikin garin yana nufin rusa gidajen mutane, ni a wajena an gama magana, a nemi wani wuri. Ko ba a rusa ba, ka zauna da maƙwabta tun kafin a zana komai, don su ne za su sha hayaniya da fitilu da baƙin motoci a ƙofar gida.

Wani abin da ake mantawa, gari tafiya yake yi. Santiago Bernabéu lokacin da aka buɗe shi a 1947 a gefen Madrid yake, yau ga shi a tsakiyar manyan benaye da ofisoshi. Don haka nemi tsarin garin na shekara 20 ko 30 masu zuwa ka ga ta ina yake faɗaɗa. Ka kuma duba inda masu sayen tikitin suke kwana. Kulob ɗin besbol na Atlanta Braves da suka bar cikin gari suka koma gundumar Cobb a 2017 hujjarsu ita ce yawancin masu sayen tikitinsu ta arewacin birnin suke, suka kuma gina shaguna da otal da gidaje a kewayen filin don wurin ya riƙa motsi ko babu wasa.

In ka tace duk wannan, sau da yawa amsar ba ta faɗowa a tsakiya cif ko a can daji. Tsohon filin masana'anta ne ko na ma'adinai da aka daina amfani da shi, kusa da gari, dogo na wucewa ta gefensa. Stade de France a kan tsohuwar masana'antar gas aka gina shi don gasar cin kofin duniya ta 1998, filin Manchester City kuma a kan tsohuwar mahaƙar kwal, don wasannin Commonwealth na 2002. Irin wannan wurin shi za ka fara nema a taswirar garin. In ka samu biyu ko uku, ɗauki wanda mafi yawan 'yan kallo za su iya zuwa su koma gida bayan wasan dare ba tare da motar kansu ba, sannan ka sa a rubuta a yarjejeniya cewa sai an gama hanyar da tashar kafin a buga wasan farko, don in aka ce “daga baya za a yi”, Manchester ma sai 2013 taram ya isa filin nata.