Dusar itanol a abincin kaji: kurakuran da aka fi yi

Na gaji da ganin sababbin masu kiwo suna ɗauko DDGS, wato dusar itanol, don sun ji ya fi waken suya araha, su zuba wa kaji ba lissafi. Dusa ce da ke saura bayan an tatse itanol (barasar da ake haɗawa da man fetur) daga masara, akasari a masana'antun Amurka. Sitaci, wanda shi ne kusan kashi biyu cikin uku na ƙwayar, ya tafi, don haka duk abin da ya rage ya ninka kusan sau uku. Furotin ya tashi daga kashi 9 zuwa wajen 27 cikin 100. Gubar fumfuna da ke cikin masarar ma haka take ninkawa, kuma zafin busarwa ba ya kashe ta.

A nan na sha wuya. Wata damina wani dillali ya karya mini farashi, na kwashi buhuna ban kwance ko ɗaya ba. Ashe sun dunƙule, suna warin gumi. Na yi ƙyashin zubarwa, na niƙa na haɗa. Kafin mako biyu 'yan tsakina sun daina ci, sai zawo, waɗanda muka farke hantarsu ta kumbura ta koɗe. Har yau in na tuna raina ɓaci yake. Kai malam, kwance buhu! Cusa hannu har ƙasa, ka shinshina. Ni yanzu sai na ga ruwan zinariya, gari warwas, da ƙamshin tsami kaɗan. Wanda ya yi duhu yana ƙauri an ƙona shi wurin busarwa, laisin ɗinsa, sinadarin furotin da kaji ke buƙata don girma, ya lalace. Ko kyauta ba na karɓa.

Sai masu cire waken suya gaba ɗaya. Haba! Waken suya da aka tatse wa mai na da furotin kashi 44 zuwa 48 cikin 100, ga laisin, wanda dama masara ba ta da shi sosai. Burola za su tsumbure ka ce iri ne ba kyau. Ni DDGS ɗin da nake zubawa ba ya wuce kashi 5 cikin 100 na abincin ga 'yan tsaki, 10 ga manyan burola, 15 ga kajin ƙwai, kuma ina ƙara laisin na kanti. Masu ƙwan sun fi jure shi, gwaiduwa har ja take ƙarawa.

Kada ka canza abinci rana ɗaya, ɗauki mako guda. Kada ka ajiye buhu a siminti, ɗora kan katako. Kuma dusar giya ko ta burukutu daban ce, ta fi ƙaiƙayi, wannan lissafin ba nata ba ne.