Babi na 7: Haɗa Kujerun Teburin Cin Abinci a Gida

'Yan'uwa, barkanmu da sake haɗuwa. A babin da ya wuce mun koyi lambobi har 100, mun koyi rubuta rabi da kwata. Yau za mu kai su bakin aiki. Za mu haɗa kujeru 6 na teburin cin abinci a tsakar gida ko ƙarƙashin rumfa, ba sai da shago ba. Kujera ɗaya ba ta da wuya. Wuyar ita ce shidan su fito kamar tagwaye, kuma awo ne ke kawo haka. Wanda karatunsa bai nuna ba tukuna, ya ɗora yatsa a kan layi ya bi sannu a hankali, babu mai korarsa.

Darasi na 1: Katako da kayan aiki

A nan Kumasi, manyan masu katako da a da suke Anloga yanzu suna Sokoban, can aka mayar da su lokacin aikin hanyar Oforikrom zuwa Asokwa. In kun je, kada ku ce "a ba ni katako" kawai. Ku kira sunansa. Odum yana da ƙarfi, gara ba ta cika damunsa ba, amma yana da tsada, kuma ƙurarsa tana sa atishawa da ƙaiƙayi, sai an rufe hanci. Wawa fari ne, mara nauyi, mai araha, sai dai yana da laushi kuma ƙwaro na son sa. Shawarata, ku yi kujerar gwaji da wawa, sauran ku yi da odum ko mahogani.

Ku nemi busasshe. Ɗanyen katako ya fi nauyi, kuma za ku ji sanyinsa a tafin hannu. In kuka haɗa kujera da shi a damina, hunturu na zuwa zai tsuke, mahaɗa ta saki, kujera ta fara kuka. Ku sa masu inji su kankare muku shi tun a can: na ƙafafu ya koma inci 1¾ kowace fuska, na sanduna ya koma kauri ¾, faɗi 2½. In aboboya, wato babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, ta sauke muku shi a gida, ku jera a inuwa, da 'yan itatuwa a tsakani don iska ta ratsa.

Kayan aiki: zarto, guduma, cizal mai faɗin inci kwata, sukwaya, fensir, tef na awo, farin gam, sanfefa, igiya mai ƙarfi.

Darasi na 2: Karanta tef

A nan za mu daɗe. Shekarun da na yi ina koyar da ajin dare a Aboabo, ban ga inda ya fi kayar da mutane kamar nan ba.

Ku ɗauko tef yanzu. Ina nufin yanzu, kafin ku karanta layi na gaba. Ku ja shi daga hagu zuwa dama yadda lambobin za su tsaya da ƙafafunsu. Yawancin tef suna da lambobi a gefe biyu. Gefe ɗaya lambobinsa suna nesa da juna, wannan shi ne inci. Ɗaya gefen lambobinsa sun matsu, wannan santimita ne. Inci 1 ya kai santimita 2 da rabi da ɗan ɗori. Mu a wannan babi inci kaɗai za mu bi. Ku ɗora babban yatsa a gefen inci, ku faɗa da baki: wannan ne nawa.

Wani dattijo a ajinmu, mai hannu sosai, ya daɗe yana gyaran ƙofofi da ido kawai. Ya karanta 17 daidai, amma a gefen santimita. Sai da ya yanke ƙafafu goma sha biyu sannan ya kawo mini ɗaya a aljihun riga, bai fi tsawon tafin hannu da yatsu ba. Na ce, "Baba, karatunku daidai ne, gefen ne ya saɓa." Ya yi shiru yana jujjuya guntun odum ɗin, don kuɗin ba kaɗan ba ne. Daga baya mun yi kujerun tsugunno da su, kuma yau shi ke nuna wa sababbi gefen inci. Kuskure ba abin kunya ba ne, amma wannan kam na riga na gaya muku.

To, tsakanin 17 da 18 akwai layuka. Mafi tsawo a tsakiya shi ne rabi, ana rubuta shi ½. Biyun da ke bi masa a tsawo su ne kwata: na farko ¼, na bayan rabi ¾. Ƙananan ku ƙyale su yau. Ku nemo 13½. Wato ku wuce 13, ku tsaya a dogon layin tsakiya, kada ku kai 14. Ku sake nemowa. Ku rufe tef, ku buɗe, ku sake nemowa.

Abu biyu kuma. In tef ya juye, 6 zai zama 9 a idonku, saboda haka kullum lambobi su tsaya daidai. Sannan ɗan ƙarfen bakin tef yana motsi kaɗan. Haka aka yi shi, don ya cike kaurin kansa in an maƙala shi ko an tokare shi. Kada ku buga masa guduma.

Ga awon kujera ɗaya. Ku kwafe shi a littafinku da hannunku:

Ƙafar gaba, guda 2, inci 17.
Ƙafar baya, guda 2, inci 36.
Sandar gaba da ta baya, guda 2, inci 15½.
Sandar gefe, guda 2, inci 14½.
Sandar jingina, guda 2, inci 15½.
Mazauni, faɗi 17, zurfi 16, kauri 1.

Ƙafa 17 da mazauni 1 sun ba da 18, tsayin da ya dace da tebur mai inci 30. Kowace lamba ta "guda" ku ninka ta sau 6. Guda 2 sau 6, 12 ke nan.

Yanzu ga sirrin. Ku samo siririn katako miƙaƙƙe mai inci 36. Ku auna duk waɗannan tsayin a jikinsa daga baki ɗaya, ku ja layi da sukwaya, ku rubuta lambar kusa da kowane layi. Ku kai wa wani ya duba muku. In ya tabbata, ku naɗe tef ku sa a aljihu. Daga nan wannan sandar awo ce za ku riƙa ɗorawa a kan kowane katako. Tef sau ɗaya, sanda sau sittin. Mai komawa tef a kowace ƙafa yana ba kuskure ƙofa ashirin da huɗu.

Ina ganin masu cewa sun gane, amma ran Asabar sai in tarar da tef a hannunsu, sandar awo na jingine da bango. Haba, 'yan'uwa! Wasunku sun aurar da 'ya'ya, bai kamata in riƙa maimaita magana ɗaya kamar a makarantar allo ba. Duk wanda ya zo aji ba da sandarsa ba, ba zai taɓa zarto ba ranar. Gefen inci, lambobi a tsaye, awo daga baki ɗaya, sannan sanda.

Darasi na 3: Yanka da mahaɗa

Zarto yana cin katako, ƙurar da ke zuba ai daga jikinsa take. Saboda haka ku sa alamar X a gefen da za a yar, ku yanka ta wannan gefen, layin fensir ya rage a jikin abin da kuke so. In kun gama, ku tsayar da ƙafafu 12 masu tsayi ɗaya a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, ku shafa kawunansu da tafin hannu. Wadda ta ɗara za ku ji ta.

Ƙusa kaɗai ba ta riƙe kujera, don mutum yana jingina yana lilo. Rami da harshe ake yi. A kowane bakin sanda ku auna inci 1, ku zagaye da layi. Kaurin sandar kwata uku ne: ku cire kwata ta nan, kwata ta can, kwatan tsakiya shi ne harshe. A jikin ƙafa kuma ku bar kwata daga fuskar waje, ku sassaƙa rami da cizal, zurfin inci 1 da ɗan ƙari. Hannayenku biyu su kasance a bayan bakin cizal.

Ƙafafu suna da dama da hagu. Kafin ku sassaƙa, ku tsayar da huɗun yadda za su zauna, ku rubuta D a kan na dama, H a kan na hagu, ku yi alamar rami a fuskokin da ke kallon juna. Tsayin ramin kuma daga ina za a ɗauko shi? Daga sandar awo, ana farawa daga ƙasan ƙafa.

Darasi na 4: Haɗawa

Ku fara haɗawa ba gam, ku ga ko komai ya shiga. Sannan ku shafa gam a rami da harshe, ku haɗa bayan kujera daban, gaba daban, ku gama su da sandunan gefe. Ku zagaye da igiya, ku murɗa ta da ɗan itace har ta matse. Ku auna daga kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangare biyu, in sun zo ɗaya kujera ta miƙe. A bar ta kwana guda. Mazauni sai an yanke masa kusurwa biyu na baya don ƙafafu su shiga.

Darasi na 5: Gogewa da shafe

Sanfefa mai lamba 80 ta fi kaushi, da ita ake farawa, sai 120, sai 180. A goga ta bin tsawon katako. A share ƙura, a shafa man sheƙi sau biyu, na farko ya bushe kafin na biyu.

Aikin gida: ku kwafe jerin awon nan sau 3, ku nemo 14½ da 15½ a tef ku nuna wa wani a gida. Ran Asabar bayan la'asar kowa ya zo da sandar awonsa, lambobi a rubuce.