Yadda na tayar da motata bayan wata 7 a ajiye

Wallahi da na dawo Samaru bayan wata 7, na murza ki a Corolla tawa shiru kake ji. Batir ya mutu murus don ban cire kansa ba. Na kai shi caji Kwangila, aka ɗaura, ta yi tari ta mutu. Da mai rewaya ya buɗe bonet sai ga sheƙar ɓera kusa da iyakilina, wato matatar iskar inji, har da ɓawon gyaɗa da tsummokara, ɓeran ya gwaigwiye wayoyi biyu. Mai rewayar ya ce, "Yallaɓai ai ga ɓarnar nan." Muka haɗa wayoyin, muka zuƙe tsohon fetur ɗin da ya fara warin fenti muka zuba sabo, ta tashi. To kuma tayar baya ta ƙi juyawa, ashe hambirkin da na ja ne ya kama saboda tsatsar damina, sai da aka kwance aka bubbuga.

Abin ya min ciwo sosai don da motar nan nake kai Mama asibiti Shika. Wannan karon kafin in sake tafiya na canza baƙin mai, na cika tanki, na cire kan negatif na batir, na ƙara wa tayoyi iska, na tokare su da bulo ban ja hambirki ba. Salansa kuma na toshe shi da soson ƙarfe saboda ɓerayen nan.