Yadda ake zuwa kurmin ruwa na Ada Foah daga Accra

Yawancin mutanenmu na Nima da Mamobi da Madina in sun ce sun je Ada, bakin rairayi suke nufi. A hau jirgi mai inji, a tsallaka inda kogin Volta ke shiga teku, a ɗauki hoto ƙarƙashin bishiyar kwakwa, a ci karfasa da banku, a dawo. Ba laifi. Amma abin da nake so ka je ka gani yana can baya, cikin ƙananan rafuka inda itatuwan mangurof suka yi kurmi a tsakiyar ruwa da taɓo. Masu jirgi ba sa kai baƙo can sai ya nema da bakinsa, don haka sai ka shirya tun daga gida.

Hanya ba ta da wuya. A tashar Tudu akwai trotro mai zuwa Ada, haka ma a Ashaiman. Motar za ta bi ta Tema ta hau titin Aflao, ta wuce Dawhenya da Sege, har Kasseh, inda ake karya kwana zuwa dama a bi ta Big Ada a sauka Ada Foah. Kilomita ɗari da 'yan kai ne, wajen awa biyu in babu cunkoso, kuma cunkoson Tema ba ya da tabbas, shi ya sa nake fita da an sallame Asuba. Ka tambayi yaron mota ko har Ada Foah za su shiga, domin wasu a Kasseh suke juye mutane sai ka sake neman wata. 'Yan'uwanmu na Kumasi, ku kwana Accra tukuna. Kada ku yi ƙoƙarin haɗa tafiyar biyu a yini guda, yara za su galabaita kafin su ga ruwa.

Da ka sauka, kafin ka kula masu jirgin da za su yi maka caa, nemi ofishin ma'aikatan kula da namun daji da ke garin. Su ke lura da yankin Songor, inda kurmin yake, wanda aka sa cikin wuraren dausayi masu kariya na yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta Ramsar a 1992, UNESCO kuma ta ƙara masa matsayi a 2011. Ghana na da wuraren Ramsar shida, biyar a gaɓar teku, na shidan shi ne Owabi da ke kusa da Kumasi. A ofishin za ka samu jagora wanda ya san rafukan, ya san tsuntsayen, yana kuma jin Dangme, harshen mutanen Ada. Ka biya abin da aka yanka, ka karɓi rasit.

Yanzu ga abin da ya fi komai, kuma shi ne mutane ke tsallakewa: lokacin ruwa. Teku na cika ta janye sau biyu a yini, wajen awa shida tsakanin cika da janyewa, kuma kullum lokacin na jinkirta da kusan minti hamsin. Mu da ke lissafi da wata mun samu sauƙi, domin cikar ta fi ƙarfi a farkon wata da kuma daren sha huɗu zuwa sha biyar, janyewar ma a ranakun ta fi nisa. In ka shiga rafi ruwa na cike maƙil, ganye kawai za ka gani. In ka shiga yana janyewa, kana iya maƙalewa a taɓo ka zauna jiran awoyi cikin rana da ƙwari. Lokacin da na fi so shi ne sa'ad da ruwa ya gama ja ya fara dawowa. Saiwoyi duk suna waje, ƙaguwa na yawo, kuma ruwan da ke shigowa shi zai ɗauke ka ya kai ka ciki. Ka nemi lambar jagoran tun daga gida, ka kira shi kwana ɗaya kafin tafiya ka ce masa, “Malam, ƙarfe nawa ruwa zai fara kawowa gobe?” Da amsarsa za ka tsara fitowarka, ba da son ranka ba.

Wajen jirgi, a gama ciniki a ƙasa. A faɗi inda za a je, awa nawa, da ko kuɗin na jirgi ne gaba ɗaya ko na kowane kai. Rigar kariya daga nutsewa dole ce ga kowa, har da wanda ke cewa ya iya iyo, kuma ka duba akwai daidai jikin yara. Jirgin da babu su, a bar shi. Ka kuma gaya wa mai jirgi tun farko cewa in an shiga rafi zai kashe inji a koma tuƙi da hannu. Wasu ba sa so don yana cin lokaci, to ƙara masa wani abu, ya cancanta. Akwai tsibirin da ake kai baƙi su ga yadda ake dafa barasa da rake. In ba ka bukata, faɗa masa da wuri ya wuce.

Da inji ya mutu za ka fara jin ƙas-ƙas daga cikin taɓo. Dubi itatuwan da kyau, iri biyu ne suka fi yawa. Na bakin ruwa saiwoyinsa daga jikin gindi da rassa suke fitowa su lanƙwasa su cake cikin taɓo, kamar ƙafafun gizo-gizo. 'Ya'yansa tun suna kan uwa suke tsira, su yi tsawo su yi tsini, sannan su faɗo ruwa ya tafi da su har inda za su kafu. Na biyun yana ɗan baya, inda ƙasa ta fi tauri, kuma kewaye da shi za ka ga ɗaruruwan 'yan tsinke sun huda taɓo sun miƙe sama. Saiwoyi ne, da su yake shaƙar iska, domin taɓon nan babu iska a cikinsa. Ka sa jagora ya matso da kai kusa da ganyensa ka shafa da yatsa ka ɗanɗana. Gishiri ne. Itacen na shan ruwan gishiri ya fitar da shi ta ganye. Yaran da na je da su ba su yarda ba sai da kowa ya lasa.

Ka sa ido a kan taɓon kuma. Akwai ƙaguwa ƙanana da namijinsu ke da hannu ɗaya ƙato yana ɗaga shi, akwai wani ɗan kifi mai idanu a saman kai da ke fitowa waje yana tsalle a kan taɓo. Balbela da zalɓe suna nan kullum. Daga Satumba zuwa wajen Maris kuma tsuntsayen da suka gudo wa sanyin Turai suna cika wurin.

Abin da ya sa nake damuwa da kurmin nan shi ne kifi. Ƙananan kifaye da jatan lande a tsakanin saiwoyin suke ɓuya su girma kafin su fita teku, wato kifin da ake sayarwa a kasuwar Nima wani a nan ya yi ƙuruciyarsa. Kuma da itacen nan ake banda kifi, saboda yana ci a hankali yana ba kifi launi mai kyau. A Anyanui, tsallaken kogi a ƙasar Ewe, akwai kasuwar itacen mangurof sukutum. Ba na zagin masu sara. Tun da aka gama madatsar Akosombo a 1965 ambaliyar shekara-shekara da ke ciyar da gonaki da rafukan ƙasan kogin ta ragu, kamun kifi da noma suka ja baya, mutane suka koma ga abin da ya rage musu. Amma za ka ga filaye da aka share tas, za ka kuma ga inda ƙauyuka suka sake dasawa a jere. In jagora ya nuna maka wurin dashe, ka tsaya, ka gaisa da mutanen, ka sayi abin da suke sayarwa.

Kada kowa ya yi wanka a bakin mahaɗar kogi da teku, igiyar ruwan wurin na ja ƙwarai. A cikin kogi kuma, wajen da ruwa ke kwance da ciyayi, akwai tsargiya, don haka a hana yara shiga. Ka riƙo ruwan sha, hula, riga mai dogon hannu, man korar sauro, da takalmin roba mai kama ƙafa, domin silifa taɓo zai cinye. Ledar ruwa da robar lemo su koma jakarka. In salla ta same ka a rairayi, teku na kudu, saboda haka in ka fuskanci alƙibla tana hannunka na dama.

Wanda zai iya kwana, ya zo tsakanin Nuwamba da Fabrairu. Lokacin kunkurun teku ke fitowa da dare su haƙa rami su yi ƙwai, har da irin ƙaton nan mai baƙin baya da ke kai nauyin ɗaruruwan kilo, kuma ma'aikatan namun daji na fita da baƙi su gani. Ba a haska musu farar tocila, ba a ɗaukar hoto da walƙiya, ba a tsayawa gabansu. Ƙwan na ƙyanƙyashewa bayan wajen wata biyu. Ba kowane dare ake dacewa ba, ka tafi da wannan a ranka.

Makon farko na Agusta bikin Asafotufiami ne, garin na cika, masauki na tsada, jirage duk suna wajen 'yan biki. In kurmi ka zo gani, zaɓi wani mako, kuma ranar aiki ta fi Asabar da Lahadi. Ranar komawa ka bar bakin ruwa da La'asar, domin motocin Accra na raguwa in yamma ta yi. In ka rasa a Ada Foah, hau tasi zuwa Kasseh ka tari masu fitowa daga Aflao.