Yadda Ake Kafa Sabar Imel a Cikin Ofis Don Rage Jiran Intanet

A ofisoshin fiton kaya na Garwa da Kuseri a Kamaru an saba da wannan: direba na tsaye a ƙofa, motarsa ɗauke da kayan da aka sauke daga jirgin ƙasa a Ngaundere za ta wuce Njamena, sakatare kuma ya ƙura wa allo ido yana jiran takardar kwastan ta buɗe. Akwatin imel na kamfanin yana can a wata saba a Faransa ko Amurka. Duk dannawa ɗaya sai ta bi wayar fayiba zuwa bakin teku, Duwala ko Limbe ko Kiribi, ta tsallaka, sannan amsa ta dawo.

Maganin shi ne a ajiye kwamfuta ɗaya a ofis wadda za ta riƙa jawo saƙonni tana tarawa. Ma'aikata su yi hulɗa da ita, ita kuma ta ji da tafiyar hawainiyar intanet.

Shawarata tun farko, kada ka taɓa saitin MX na adireshin kamfani, wato saitin da ke nuna sabar da ke karɓar imel ɗinku. Bar masu riƙe muku imel su ci gaba da karɓar saƙo. Wutarmu da layinmu ba abin dogaro ba ne, kuma saƙon abokin ciniki ya fi ƙarfin a bar shi yana yawo don an ɗauke wuta. Ta ofis kwafi ce kawai, asalin yana can.

Tsohuwar kwamfutar tebur mai RAM giga 4 ta isa, amma sa mata sabon faifan SSD. Haɗa ta da onduleur, batirin da ke riƙe wuta idan an ɗauke, tare da rauta, ka shiga BIOS, wato saitin farko na kwamfutar, ka saita ta kunna kanta idan wuta ta dawo. Ɗaga ta daga ƙasa saboda ƙurar hunturu, ka nema mata wuri mai iska, don zafin Garwa a Maris da Afrilu yana haura digiri 40. Ɗora mata Debian, wani nau'in Linux, ka ba ta lambar IP da ba ta canzawa, misali 192.168.1.10, sannan ka rubuta:

apt install dovecot-imapd isync postfix

Dovecot ne zai riƙe akwatunan. Buɗe wa kowane ma'aikaci asusu, ka bar ƙofa ta 993 a buɗe ga kwamfutocin ofis kaɗai.

Babban aikin yana wurin mbsync, manhajar da ke daidaita akwatin waje da na ofis, wadda ke zuwa cikin isync. A fayil ɗin .mbsyncrc za ka bayyana ɓangare biyu: Far, wato akwatin waje, da Near, na ofis. Da yawa suna sa mbsync ta riƙa rubutu kai tsaye cikin Maildir, wato ma'ajin fayilolin saƙo da Dovecot ke amfani da shi. Ban ba ka wannan shawara ba. Mbsync tana liƙa lambarta a sunan kowane fayil, idan ma'aikaci ya matsar da saƙo zuwa wata jaka lambobin na iya cin karo, daidaitawa ta tsaya. Ka sa ɓangaren Near ma ya zama IMAPStore mai nuni ga Dovecot, wato mbsync ta bi ta hannun Dovecot ta IMAP, hanyar shiga akwatin imel, kowa ya tsaya kan aikinsa.

Makon farko ka rubuta Expunge None, don ko an yi kuskuren saiti kada a share komai a can. Jawowar farko tana da nauyi, tunda saƙonnin shekaru za ta kwaso, saboda haka fara ta ranar Asabar da yamma bayan an tashi. Daga nan sai cron, mai tayar da aiki a kan lokaci, ya riƙa kiran mbsync duk minti 3, tare da umarnin flock, don kada sabon zagaye ya hau kan wanda bai gama ba ranar da layi ya yi nauyi.

Kafin ka yi nisa, duba wa ke riƙe muku imel. Microsoft ta fara rufe shiga IMAP da kalmar sirri zalla a Exchange Online tun Oktoban 2022, sai da OAuth2, hanyar shiga da izini maimakon kalmar sirri, wanda ke buƙatar ƙarin saiti. A Gmail sai an kunna tabbatarwa mai mataki biyu kafin a samu kalmar sirri ta manhaja. Kalmomin sirrin nan duka za su zauna a kwamfuta ɗaya, amana ce babba: yi wa fayil ɗin da suke ciki chmod 600 don mai shi kaɗai ya iya karantawa, ɗakin kuma a sa masa kwaɗo.

Sai aikawa. A fayil ɗin main.cf na Postfix, manhajar da ke aika saƙo, sa sabar masu riƙe imel a relayhost ta ƙofa 587, ka kunna smtp_sender_dependent_authentication don saƙon kowa ya fita da asusunsa. Nan ne ma'aikata za su fi jin daɗi. Da an danna aikawa saƙo ya bar hannunsu, ko da layi a yanke yake. Postfix zai riƙe shi yana ta gwadawa har kwana 5. Amma ka gaya musu gaskiya: barin allonsu ba isa ba ne. Takardar gaggawa, a duba da umarnin mailq a tabbatar ta fita. Ka kuma ɗaga message_size_limit, don asalinsa wajen mega 10 ne, takardun da aka yi wa sikan kuwa sukan wuce haka.

A Thunderbird ko Outlook na kowa, mayar da sabar shigowa da ta fita zuwa 192.168.1.10. Wayoyin hannu a bar su yadda suke, tunda Alhaji in yana Marwa ba zai iya kaiwa ga kwamfutar ofis ba, kuma abin da ya karanta a can zai bayyana a nan bayan mintuna kaɗan.

Fara da mutum ɗaya. Zare wayar intanet daga rauta, ka sa shi ya buɗe tsohuwar takarda, ya aika sabon saƙo zuwa wayarka. Mayar da wayar intanet ɗin, ka rubuta postqueue -f don Postfix ya tura abin da ya riƙe. Idan saƙon ya shigo, sai ka ɗauki akwatin mutum na gaba.