Yadda za ka yi gwajin tsaga biyu a ɗakinka, ka kuma fahimci abin da ya bayyana a bango

Yawancin abubuwan da ke ɗaure wa mutane kai a kimiyyar kwantam, wato reshen fiziks da ke bayanin halayen haske da na ƙananan ƙwayoyi irin su ilektron, suna ƙunshe a cikin gwaji guda da ake kira gwajin tsaga biyu. Rabinsa ana iya yin sa a ɗaki mai duhu da kayan da ba su fi ƙarfin aljihun ɗalibi ba, ɗaya rabin kuwa sai a ɗakin bincike mai na'urorin da ke ƙirga ƙwayoyin haske ɗaya bayan ɗaya. Yana da kyau mai gwajin ya san inda wannan iyaka take tun farko, domin ruɗanin da ake yaɗawa game da kwantam yakan samo asali ne daga cakuɗa ɓangarorin biyu.

Kayan aiki

Za ka buƙaci ƙaramar fitilar leza mai jan haske, irin wadda malamai ke nuna rubutu da ita a allo, da silin gashi ɗaya, da kwali, da salatif, da sababbin reza biyu, da fallen alminiyom na naɗe abinci, da tef ɗin awo, da farar takarda da za ka manna a bango. Ka zaɓi leza wadda aka rubuta a jikinta cewa ƙarfinta bai kai miliwat 5 ba, kuma ka guji masu koren haske na araha, domin sau da yawa ƙarfinsu ya zarce abin da aka rubuta. Kada ka leƙa cikin hasken, kada ka haska shi a fuskar kowa, sannan ka kawar da madubi da duk wani abu mai ƙyalli daga hanyarsa.

Fara da silin gashi

Ka yanke 'yar taga a tsakiyar kwalin, ka miƙe silin gashin a tsaye a kanta, ka manne shi sama da ƙasa. Ka ɗaure lezar a kan tebur da salatif yadda ba za ta motsa ba, ka danne maɓallinta da wani salatif ɗin, domin hannun mutum yana rawa fiye da yadda yake zato. Ka tsayar da kwalin a gabanta yadda hasken zai faɗa daidai kan gashin, bango kuma ya kasance da nisan mita 3. Idan ka kashe fitilar ɗakin, maimakon inuwar gashi za ka ga layin haske kwance, ya miƙa dama da hagu daga wani ɗigo mai ƙarfi a tsakiya, kuma layin a yayyanke yake: haske, duhu, haske, duhu, yana raguwa har ya ɓace.

Daga nan sai awo. Ka sa alama da fensir a tsakiyar kowane gurbin duhu a gefe guda, ka auna daga na farko zuwa na biyar, ka raba gida huɗu, domin awon tazara ɗaya tak yana da saurin kuskure. Haske yana tafiya ne kamar igiyar ruwa, kuma nisan da ke tsakanin tudun igiyar da tudun da ke biye da shi ne ake kira tsawon zango. Kaurin gashin shi ne tsawon zangon hasken sau nisan bango, a raba da tazarar da ka samu. Tsawon zangon jan leza yakan kasance kusan nanomita 650 (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita), kuma galibi a rubuce yake a jikinta. Idan tazarar ta zo santimita 2.5, lissafin zai ba ka kimanin maikromita 78, wato ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na milimita, wanda ya yi daidai da kaurin gashin ɗan Adam. Ka gwada da gashi mafi siriri, za ka ga tazarar ta ƙara faɗi.

Tsaga biyun

Wannan mataki shi ne mai buƙatar haƙuri. Ka haɗa reza biyun gefe da gefe yadda bakinsu zai daidaita, ka ɗaure su, ka shimfiɗa fallen alminiyom a kan gilashi, ka ja su sau ɗaya da hannu mai sauƙi. Abin da ake nema shi ne tsaga biyu tsaftatattu masu tazarar da ba ta wuce kashi ɗaya ko biyu cikin goma na milimita ba, kuma ba abin mamaki ba ne ka ɓata falle da dama kafin ka dace, domin siririn alminiyom da ke tsakaninsu yana saurin tsinkewa. Idan tazarar ta kai milimita 0.2, ɗigogin haske za su jeru a bango da tazarar kusan santimita 1.

Yanzu ka sa alama a wani gurbin duhu kusa da tsakiya, sannan ka zura bakin reza a hankali har ya rufe tsaga ɗaya. Ɗigogin za su narke su zama shimfiɗar haske guda, kuma wurin da ka sa wa alama zai haskaka. Wannan shi ne abin da ya kamata ka tsaya ka yi nazari a kansa: ka rage ƙofofin da haske ke bi, amma haske ya isa inda da bai isa ba. Idan ka jefa duwatsu biyu a tafki lokaci guda, inda tudun igiyar wannan ya haɗu da tudun waccan ruwa yakan ƙara tashi, inda tudu ya haɗu da kwari kuwa sai su kashe juna ruwan ya kwanta. Gurbin duhu shi ne inda igiyoyin haske biyu suka kashe juna. Thomas Young ya gabatar da irin wannan hujja a Landan a shekarar 1803, da hasken rana da siririn kati da ya raba hasken biyu, wanda bai yi nisa da gwajinka na gashi ba.

Inda kwantam ya shigo

Duk abin da ka gani zuwa yanzu, masanan ƙarni na 19 za su iya bayaninsa ba tare da kwantam ba. Matsalar ta taso ne bayan da Max Planck a 1900 da Albert Einstein a 1905 suka nuna cewa makamashin haske yana zuwa ne a dunƙule, ƙwaya-ƙwaya, abin da daga baya aka sa wa suna foton. Leza mai miliwat 1 tana fitar da foton kimanin 3 da sifiri 15 a bayanta a kowace daƙiƙa, shi ya sa idonka ba ya ganin ƙwayoyin. Mutum zai iya zaton cewa ƙwayoyin ne ke karo da juna saboda cunkoso har su jeru haka, to amma a 1909 G. I. Taylor a Kambirij ya dusashe haske da gilashi mai baƙin hayaƙi har ya yi rauni ƙwarai, ya bar farantin hoto yana ɗaukar inuwar allura kimanin wata uku, kuma zanen ya fito kamar yadda yake fitowa da haske mai ƙarfi.

Ilektron ya ƙara fito da lamarin fili. Louis de Broglie ya kawo shawara a 1924 cewa kowace ƙwaya mai motsi tana da tsawon zango, Davisson da Germer suka tabbatar da haka a Amurka a 1927 da ƙarfen nikel, Claus Jönsson kuma ya tura ilektron ta tsaga na gaske a Jamus a 1961. A 1989 Akira Tonomura da abokan aikinsa a kamfanin Hitachi na Japan suka nuna yadda zanen ke ginuwa idan ana sakin ilektron ɗaya bayan ɗaya: kowanne yana sauka a wuri guda a matsayin ɗigo cikakke, na farko-farko a warwatse kamar babu tsari, amma da suka kai dubun-dubata sai layukan haske da duhu suka bayyana.

Hanyar karanta wannan ita ce wadda Max Born ya bayar a 1926. Igiyar da ke tare da ƙwayar ba ta faɗa maka inda ƙwaya za ta sauka, yiwuwar saukarta a kowane wuri kawai take bayarwa. Kowace tsaga tana ba da nata kason igiyar, ana haɗa kason biyu tukuna, sannan a ninka jimlar da kanta a sami yiwuwar, kuma da yake kason na iya zama masu kishiyantar juna, jimlar na iya zama sifiri. A ganina gara ɗalibi ya riƙe wannan ƙa'ida da ya riƙe maganar nan da ake yawan yi cewa ilektron yana wuri biyu a lokaci guda, domin ƙa'idar tana ba da lambar da za a iya aunawa, ita kuwa maganar ba wanda ya taɓa auna rabin ilektron a kowace tsaga.

Sa wa hanya alama

Mataki na ƙarshe yana buƙatar siririyar ledar nan mai tace haske da ke manne a fuskar allon tsohuwar kalkuleta, wadda ke barin igiyar da ke kaɗawa ta fuska ɗaya kawai ta wuce. Ka yanke ta gida uku. Ka ɗora guda biyu a kan juna ka juya har su yi baƙi ƙirin, wannan ne alamar cewa fuskokinsu sun gitta juna. A haka za ka jera su gefe da gefe, bakinsu a haɗe, ka manna siririyar waya a kan mahaɗar, ka haska lezar a kanta, kana juya lezar har hasken ɓangarorin biyu ya yi daidai. Layukan za su ɓace, domin yanzu hasken da ya bi dama yana ɗauke da alamar da ta bambanta shi da wanda ya bi hagu. Ka riƙe leda ta uku tsakanin wayar da bango a karkace da digiri 45, sai layukan su dawo, tun da ta goge alamar. Ka karkata ta ɗaya gefen, gurbin haske da na duhu su musanya wuri. Da haske mai ƙarfi irin naka, dokokin da Fresnel da Arago suka gano a Faransa a farkon ƙarni na 19 sun isa bayani, sai dai an maimaita irinsa da foton ɗai-ɗai an sami sakamako iri ɗaya.

Ka lura cewa idonka ko tunaninka ba su taka wata rawa ba a ɓacewar layukan. Abin da masana ke kira awo ko lura shi ne duk wata hulɗa da ta bar shaidar hanyar da ƙwaya ta bi, ko da babu mahalukin da zai duba shaidar. Masu bincike a Jami'ar Biyana ta Ostiriya, ƙarƙashin Anton Zeilinger, sun sami layukan a 1999 da dunƙulen kabon mai atom 60, sannan a 2004 suka zafafa mai atom 70 da leza kafin ya shiga na'urar. Da zafin ya ƙaru, dunƙulen ya riƙa fitar da foton da ke tona inda yake, layukan kuma suka yi ta dusashewa har suka ɓace. Tsakuwa ko ƙwayar gero kullum iska da haske suna bugun ta suna ɗauke da labarin matsayinta, ga kuma tsawon zangonta da ya yi ƙanƙantar da babu tsagar da za ta dace da shi, shi ya sa ba a ganin wannan hali a jikinta.