Yadda Ake Mayar da Lamba Zuwa Binari

'Yan babbar sakandare, wannan aikin ba ya buƙatar wuta ko kwamfuta, takarda da biro sun wadatar. Alƙaluma biyu kaɗai kwamfuta ta sani, 0 da 1, domin ƙananan makunnan da ke cikinta ko dai a kunne suke ko a kashe. Wannan ƙidayar ce ake kira binari.

Mu ɗauki 23, yawan ƙananan hukumomin jihar Sakkwato.

1. Ku raba 23 gida biyu. An samu 11, saura 1. Ku rubuta abin da ya saura a gefen dama, shi ne abin nema.

2. Ku ci gaba da raba amsar: 11 ta ba da 5 saura 1, 5 ta ba da 2 saura 1, 2 ta ba da 1 saura 0. Kada ku tsallake wannan sifirin! Nan ɗalibai suka fi tuntuɓe, a ganinsu sifiri ba komai ba ne, alhali matsayi yake riƙewa.

3. Ku raba 1 ɗin ƙarshe: 0 saura 1. Sai ku dakata.

4. Ku karanto abubuwan da suka saura daga ƙasa zuwa sama, wato daga na ƙarshe zuwa na farko: 10111.

5. Ku tantance. Daga dama, darajar kowane gurbi ninkawa take yi: 1, 2, 4, 8, 16. Ku tara guraben da ke da 1 kawai: 16, 4, 2 da 1 sun ba da 23.

Yanzu kowa ya gwada da shekarunsa, ya miƙa wa na kusa da shi ya duba.